Inda Daudu Ya Yi Tari

Kakata Ya Kura ba ta taɓa yarda cewa idonta ya mutu ba. In ka ce mata ba ta gani, sai ta ce hasken zamanin nan ne ya lalace. Likita a Kazaure ya duba ta, ya ce hawan jinin ido ne, kuma abin da ya tafi ya tafi. Ta saurare shi har ya gama, ta sa masa albarka. Muna fitowa ta ce min yaron yana da kirki, sai dai sabulun wankansa na masu arha ne. Da hanci take auna mutum, kuma ban taɓa kama ta da kuskure ba.

Iyayenta daga ƙasar Barno suka taso tana goye. Ta girma a nan, ta auri kakanmu Kaumi, wanda har yau ake kiran ɗan ƙauyenmu da sunansa, Gidan Kaumi, can tsakanin Achilafiya da Babura. Abin da ta gada a wurin uwarta shi ne haɗa turaren wuta da humra. Tun muna yara mun san ɗakinta da ƙamshin kajiji da hawi, kuma ko ɗankwalinta ka ara sai an tambaye ka bikin wa ka je. Ta fara kai turaren kasuwar Babura a ƙafa da ƙwarya a ka, ta koma jaki, ta koma bayan a-kori-kura, daga bisani ta zauna a kan motar Yakubu. Matan da ke tsallakowa daga Nijar sun san rumfarta, in ba su same ta ba sai su koma da sefarsu. Kaka Kaumi ya rasu, 'ya'ya suka watse neman abinci, ita dai ba ta fasa ba. Ta sha faɗa mana cewa ranar da aka hana ta zuwa kasuwa, a je a yanko likkafani kawai.

Sanda kuwa ta rantse ba za ta riƙe ba, wai ta makafi ce. Lema take riƙewa, rani da damina, tana dogara ta tana laluben hanya da bakinta. Kowa ya san aikin da lemar take yi, ba wanda ya isa ya faɗa.

Ni ne Musaddiƙ, jikanta ta wajen uwa. Ina da ɗan shagon waya a Kazaure, ina sayar da caja da iyafis da data. Maigida take kirana, irin wasan kaka da jika, wani lokaci ta ƙara da cewa maigidan da ko cefanen gishiri bai taɓa yi ba. A lokacin da nake ba ku labari, babu abin da nake taƙama da shi kamar manhajar sauraron waƙa da ke wayata. Na ɗauki kaina tamkar wakilinta a masarautar Kazaure, alhali masu ita ba su san an haife ni ba. Duk wanda ya shigo sayen caja sai ya sha wa'azi: waƙoƙin duniya kaf suna ciki, ba sai ka je wurin masu tura waƙa sun cika maka memori da tarkace ba, kuma ita da kanta take gane abin da ranka ke so ta kawo maka.

Mutane suna saurarona da haƙuri. Wani ya ce datar da zai ƙona a kan waƙa ɗaya ta ishe shi gaisawa da 'yan uwansa na mako guda. Wani ya ce a gonarsu ta Roni sai ya hau dutse yake samun sabis, shin a kan dutsen zai yi noman? Wani ɗan acaɓa ya tambaye ni ko zai iya tura wa abokinsa in ta yi masa daɗi, na ce a'a, sai dai abokin ya buɗe tasa. Ya ce to waƙar da ba a kyauta da ita ai ba taka ba ce. Ya Kura kuwa da na yi mata bayani, cewa ta yi, "Wato haya kake yi, Maigida. Gidan haya, shagon haya, yanzu har waƙa ta haya." Ni duk kallon 'yan ƙauye nake yi musu, in mayar da iyafis kunnena.

Wannan iyafis ɗin shi ya sa na shekara ina shiga motar Yakubu ban san abin da ke cikinta ba. Ranar kasuwa nakan bi shi zuwa Babura da 'yan kayana, in zauna a gaba, in toshe kunne tun daga tasha har tasha. Abin da zan faɗa yanzu kowace mai daddawa a motar ta san shi, ni sai daga baya na ji.

Motar Yakubu tsohuwar bas ce, allurar da ke nuna gudu ta mutu tun ba a haifi 'yarsa ta fari ba. Maimakon ya gyara, sai ya mayar da waƙa ma'auni. Yana da waɗansu waƙoƙi da ya taso da su tun zamanin kaset, aka juye masa su a faifai, aka sake juye su a memori, jerinsu bai taɓa sauyawa ba. In ya tashi daga tashar Babura sai ya kunna daga farko. In ya tsaya sauke wani sai ya tsayar da waƙar, in ya ja ya sake ta. Da haka kowace gada da kowace kuka a hanyar ta sami baitinta. In ya iso wani wuri kafin baitin wurin, tsofaffin baya za su ce, "Direba, ka riga waƙa," sai ya ɗaga ƙafa.

Farko waƙar gaɗa ce ta 'yan matan ƙasar Roni, waɗanda yanzu duk sun yi jikoki. Sai busar sarewa ta wani makiyayi. Sai doguwar waƙar Daudu mai garaya, wani makaɗi na ƙasar Gwiwa da ya daɗe da rasuwa, wadda ya yi wa wani malalacin manomi Mamuda zambo. A wurin gayya aka ɗauke ta da rikoda, ana jin hayaniyar mutane da kukan jaki a ciki. Can tsakiyarta hayaƙi ya shaƙe Daudu, ya yi wani tari mai ƙarfi, sannan ya ci gaba. Wannan tarin yana faɗowa ne daidai bakin 'yar hanyar ƙafa da ke shiga Gidan Kaumi, wurin da ba allo, ba kwana, ba ko rumfar mai shayi. Da Daudu ya yi tari, sai Ya Kura ta buga gindin lema a ƙasan mota ta ce, "Akwai sauka." Yakubu ya san wurin sarai, amma bai taɓa taka birki kafin ta faɗa ba. Ya bar mata wannan, don da shi take kafa hujja a gida cewa idonta garau yake.

Ana nan sai wata rana ta tsaya a tsakar gida ta gaida turmi. An yafa masa zane ne yana shanya, ita kuma ta ɗauka maƙwabciyarta ce, har da tambayar ya mai jiki. Labari ya yi ƙafa har Dutse, inda ɗanta Kawu Hussain yake aikin gwamnati. Kawu mutum ne mai tsari, yana kuma son uwarsa ƙwarai, shi ya sa ya tsorata. Ya zo ya ce ta haɗa kayanta ta koma wurinsa, kasuwa kuma an gama. Aka yi ta ja, har aka tsaya a kan sharaɗi: ranar kasuwa mai zuwa zai bi ta da kansa. In a dawowa ta faɗi wurin saukarta ba wanda ya taimaka mata, ta ci gaba da sana'arta. In ta wuce, motar ba za ta tsaya ba sai Kazaure, daga nan Dutse. Ni aka ɗauka shaida, wai na saba da motar.

Kawu bai san zancen waƙa ba, don shi da motarsa yake yawo. Ni ma ban sani ba. Ya Kura ta amince da sharaɗin tana murmushi.

Ranar ta zo. Tafiya ba matsala, aka ɗauke su a bakin hanya, aka sauke kowa a tasha. Ta ci kasuwarta, Kawu yana zaune a gefen rumfa cikin farar shadda kamar mai karɓar haraji. Bayan la'asar muka hallara a mota. Ya zaunar da ita a jikin taga, ya zauna kusa da ita, ya ce wa Yakubu, "Malam Yakubu, don Allah kada ka rage gudu, kada ka yi ham. In ba ta yi magana ba, ka wuce." Ya juya ya roƙi sauran fasinja kada kowa ya ce mata komai. Yakubu ya ce, "An gama, ranka ya daɗe," ya danna rediyo.

Rediyo ta yi shiru. Ya zare memori ya mayar, shiru. Ya sake, shiru. Na ga gumi ya tsatstsafo masa a goshi, na yi mamakin babban mutum yana gumi a kan waƙa. A matsayina na masanin waya na karɓi memorin, na hura masa iska, na goga shi a rigata, na sa a wayata, sannan na yi sanarwar rasuwarsa cikin fara'a. Motar ta yi tsit kamar an aiko da mutuwar gaske.

"Ku kwantar da hankalinku," na ce. "Yau za ku ga abin da nake faɗa muku. Wace waƙa ce babu a nan?"

Kawu ya duba agogo ya ce a tafi. Yakubu ya ja mota ba da son ransa ba, ya ce min ƙasa-ƙasa, "Nemo ta gaɗa ta 'yan matan Roni. Yi sauri, Musaddiƙ."

Na haɗa wayata da rediyon motar, na buɗe manhaja. Abin da ya fara shigowa saƙo ne da Faransanci, wayata ta kama sabis ɗin Nijar tana yi min barka da zuwa ƙasar da ban je ba. Kafin in lallashe ta ta dawo gida mun bar gari. Na rubuta waƙar gaɗa, wani ɗan da'ira ya yi ta juyawa a fuskar wayar, ya juya, ya juya, sannan ya kawo min wani saurayi da tabarau yana kuka da muryar inji a kan budurwar da ta ƙi ɗaga masa waya. Yakubu ya ce ba ita ba ce. Na rubuta sarewa, aka kawo min ta Indiya. Na rubuta Daudu mai garaya, manhaja ta tambaye ni ko wani abu daban nake nufi. Na ɗaga wayar sama, na miƙa ta waje ta taga, na dawo da ita. Da ta tashi yin magana sai ta saki talla, wata mata ta cika motar da Turanci tana ba mu shawarar mu sayi injin wanki.

Wata murya daga baya ta ce, "Wannan ce waƙar duniyar?" Aka yi 'yar dariya, ba ta yi nisa ba ta mutu.

A nan na waiwaya, da niyyar in ce sabis ne, yanzu zai dawo. Sai idona ya faɗa kan Ya Kura. Ta riƙe lemar da hannu biyu, ta karkatar da kai wajen lasifika, leɓɓanta suna motsi. Tunda nake ban taɓa ganin tsoro a fuskar matar nan ba sai ran nan. Ban san dalili ba, amma na ji kunyar wayar da ke hannuna. Na kashe ta na sa a aljihu. Ba a jin komai sai ƙarar inji, mota kuwa tana ta cin hanya.

Dela mai daddawa ce ta fara. Tsohuwa ce mai faɗin murya, ta kai shekarun Ya Kura a motar nan. Ta leƙa ta taga, ta ga inda muke, ta gyara zama, sai ta kama waƙar gaɗa. Ba daga farko ta ɗauko ba, daga baitin da ya dace da wurin ta kama, kusa da ƙarshe. Matan baya suka amsa mata da tafi. Kawu ya juya ya dube su, Dela ta ce, "Alhaji, magana ka hana. Rediyo ta mutu, mu zauna kamar masu zaman makoki?" Ya mayar da fuskarsa gaba.

Gaɗa ta ƙare a kan wata 'yar gada. Sai Yakubu ya tsuke baki ya shiga fito, yana bin busar sarewar nan tiryan-tiryan, da hawanta da saukarta. Wani dattijo ya yi gunagunin cewa fito ba kyau, amma da Yakubu ya tsallake wani wuri shi ne ya gyara masa. Aka tsaya sauke wata mata da buhunta, fito ya tsaya. Aka ja, ya ci gaba daga inda ya tsaya. A nan ne kan nawa, wanda ya fi dutsen Kazaure tauri, ya fara gane abin da ake yi.

Da aka zo kan Daudu, motar gaba ɗaya ta ɗauka, maza da mata. Wani yana kaɗa garaya da baki, wani yana buga jikin kujera.

"Gero ya yi kai, Mamuda na barci,
Tashi Mamuda, rana ta take.
Tsuntsu ya sauka, ya yi sallama,
Tashi Mamuda, rana ta take."

Kowa ya san ta, har da inda jaki ke kuka, kuma an sami wanda ya yi kukan. Ban da Ya Kura, mutum biyu ne kawai bakinsu a rufe, ni da Kawu. Ni da nake yawo da waƙoƙin duniya a aljihu, ko amshi ban iya ba. Na yi ƙoƙarin bin su a "Tashi Mamuda", na shigo a makare, Dela ta harare ni ta madubi, na ja bakina na tsuke.

Ya Kura ba ta yi waƙa ba. Ta saki lemar da hannu ɗaya, ta juyo da kunnenta na dama wajen mutane, tana gyaɗa kai a hankali. Ni da na san hanyar da ido na fara hango bishiyoyin garinmu. Yakubu bai rage gudu ba, kamar yadda ya yi alkawari.

"Tsuntsu ya ƙoshi, ya yi godiya..."

Sai motar nan kaf ta yi tari. Direba, da Dela, da dattijon da ya hana fito, da matan baya, tari guda a lokaci guda, kamar an watsa barkono a wuta.

Ya Kura ta buga gindin lema. "Akwai sauka."

Yakubu ya taka birki, ƙofar motar ta tsaya daidai bakin 'yar hanyar. Ba wanda ya yi dariya, ba wanda ya dubi wani. Kowa ya shiga gyaran murya yana kallon waje, wai ƙurar hanya ce.

Ta sauko a hankali, na sauke mata ƙwaryarta a bakin titi. Ta laluba ƙasa da lemar, ta sami bakin hanyar, ta juyo wajen da take jin numfashin ɗanta.

"To, Usaini? Na gani ko ban gani ba?"

Kawu ya sauko ya tsaya a gabanta. Mutumin da ya yi shekaru yana duba takardun gwamnati ba tarin mota guda ne zai ruɗe shi ba, kuma na ga ya gane komai. Ya dubi uwarsa, ya dubi fuskokin da ke jikin taga suna jiran bakinsa. Na tabbata cewa zai yi an yi maguɗi, don an yi.

"Kin gani, Ya," ya ce.

"To ɗauko min ƙwaryar, tunda ka zo." Ta juya ta kama hanya, lema a gaba. Ta ɗan yi nisa ta ɗaga murya, "Maigida, ka gaida matar injin wankin."

Kawu bai bi ta nan take ba. Ya zagayo wajen tagar direba, ya sunkuyo, idonsa ya yi ja. Ya tambayi Yakubu ko akwai inda za a sake samun waƙoƙin. Yakubu ya ce kaset ɗin yana nan a gida cikin akwati, in bai ci kansa ba. Kawu ya dube ni ya ce in san yadda zan yi in juye su a sabon memori kafin kasuwa mai zuwa, yadda suke a jere, kada in gyara komai, kada in goge tarin. Na ce to. Wannan ne aiki na farko da aka taɓa ba ni a harkar waƙa, kuma sai da na kai wa masu tura waƙar nan da nake zagi suka yi min.

Har Kawu ya juya zai tafi, sai ya dawo ya rage murya.

"Malam Yakubu, in an zo ta Daudu, ka riƙa ƙara mata sauti kaɗan. Na lura kunnenta na hagu ya fara nauyi."

Ya ɗauki ƙwaryar ya ɗora a kan farar shaddarsa, ya bi bayanta. Bai sha gabanta ba, bai kama hannunta ba. Ita ce a gaba har suka shige cikin gero.